Shaida a Kan Maigidana, Direban Tumatir na Hanyar Ikko

Mutumin da zan ba da shaida a kansa direban babbar mota ne, haifaffen wani ƙauye a ƙasar Kura, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa da ƙarfinsa a jigilar tumatir daga Kwanar Gafan zuwa kasuwar Mile 12 ta Ikko. Ba zan kama sunansa ba, don ba ya son haka. Mu yaransa Baba muke ce masa, tsaransa direbobi kuma su ce Alhaji. Na yi masa karen mota, saboda haka abin da zan faɗa ido ne ya gani, sai ɗan abin da ya gabaci zamanina, wanda na ji daga bakinsa da bakin waɗanda suka taso tare.

Ya shiga harkar mota yana saurayi, a shekarun da ruwan madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, ya fara bin magudanan Kadawa ya mai da rani lokacin noma. Kafin nan samarin yankin cirani suke tafiya. Da ruwa ya zo, tumatir ya yi yawan da Kano ba ta iya cinye shi, dole aka nemi masu ci a Kudu. Baba ya fara da wankin mota da sa waigi da kwana a ƙarƙashin bodi yana gadi. Sai da ya yi shekaru a haka kafin ubangidansa ya bari ya taɓa sitiyari, shi ma a cikin tasha, ya ja gaba ya dawo da baya. Dogon koyon nan ne ya sa ya san mota da kunne. Yana zaune a teburin mai shayi, mota ta gifta a titi, sai ya ce boris ɗin bayan nan, wato ƙarfen da ƙafar mota ke juyawa a kansa, ba zai kai Zariya ba.

Wanda bai taɓa ɗaukar ɗanyen kaya ba da wuya ya gane bambancinsa da siminti ko hatsi. Mai buhunan masara in motarsa ta lalace a Mokwa, sai ya shimfiɗa tabarma ya jira kayan gyara ko da mako guda ne. Tumatir kuwa tun daga sa'ar da aka tsinke shi yake ci gaba da nuna, zafi kuma yana ƙara masa sauri. Tafiyar ta haura kilomita 1,000. In hanya ta yi kyau, kwana biyu ne. In an shiga na uku, ƙasan kwanduna ya fara ruwa yana ɗiga ta bodi. In aka kai na huɗu, sai dai a yi wa masu kaya jaje. Ga shi yanayi yana juyawa a hanya: an baro sanyin hunturu da busasshiyar iska a Kano, ana tsallake gadar Jebba sai a faɗa zafi mai gumi, wanda shi ne ke saurin ruɓar da shi.

Wannan ya sa Baba ba ya barin 'yan lodi su kaɗai, ko da kuwa bai yi barci ba. Yakan zagaya kwandunan tun suna ƙasa, ya tura hannu can ciki ya zaro ɗaya, domin na saman kwando kowa ya san ado ne. Abin da yake so shi ne irin da ake ce wa UTC, mai tauri da kaurin fata, wanda aka tsinka ya fara ja bai gama nuna ba, don ya ƙarasa nunarsa a hanya ya isa kasuwa da kyan gani. In ya ga wanda ya nuna jawur, sai ya ce da mai shi ya nemi ƙaramar mota ya kai Kaduna ko Abuja, kada ya jefa kuɗinsa a hanyar Ikko. Wanda aka yi wa ban ruwa jiya aka tsinka yau ya sha ruwa da yawa, yana jin nauyi a kansa zai tsage. Wanda aka tsinka aka bari a rana tun hantsi ya riga ya ɗauki zafi, kuma zafin nan ba zai fita ba in ya shiga tsakiyar lodi. Tun shekarar 2016, da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da Katsina, ya ƙara da duba gindin tumatir wajen hancinsa, domin 'yar hudar da tsutsar ta yi ta nan ruɓa ke farawa, kuma ruɓaɓɓe ɗaya a tsakiyar kwando ya isa ya jiƙa na kusa da shi.

Babban kwando yakan kai kilo 50 zuwa 60, tirela kuma takan ɗauki ɗari huɗu ko fiye. Ana rufe bakin kowanne da takarda ko busasshiyar ciyawa a ɗaure. Ba a ɗora kwando a kan kwando kai tsaye. Ana jera sahu na farko, a gitta katako daga wannan gefen bodi zuwa wancan, sahu na biyu ya zauna a kan katakon, haka har sama. A nan yawancin asara take fitowa. Katako ɗaya mai tsaga in ya karye a cikin ramukan hanyar Bida, duk abin da ke samansa zai sauko a kan na ƙasa, kuma ba wanda zai sani sai an isa. Baba yakan taka kowane katako da ƙafarsa kafin a ɗora masa kaya, wanda ya yi ƙara a jefar. Ba ya yarda a lulluɓe lodi ruf da tamfol. Yakan sa a ɗaga shi a kan ƙarfen sama ya zama rumfa, gefe da gefe a buɗe, don iska ta ratsa in mota na gudu. Sai in hadari ya taso ake sauke shi, ruwa na ɗaukewa a naɗe.

Lodi ɗaya yakan zama na mutum goma ko ashirin, kowa da alamar da ya shafa wa kwandunansa da fenti. Baba yana da littafi irin na 'yan makaranta da yake rubuta alamar kowa da adadinsa da sunan dillalin da zai karɓa. Kwafi ɗaya ya tafi da shi, ɗaya ya bar wa shugaban 'yan lodi. Ban taɓa ganin an yi rigimar ɓatan kwando da shi ba. Lokacin tashinsa kuma bayan la'asar ne ko bayan magariba, don kaya su yi zangon farko cikin sanyin dare.

Duba mota a wurinsa aikin safiyar ranar lodi ne, tun mota ba komai a kanta, don in an ga matsala a gyara kafin a ɗora amanar mutane. Ruwan lagireto da baƙin mai su ne farko, inji na sanyi. Sai fambel, a danna shi da babban yatsa: in ya lotsa da yawa a ɗaure, in ya fara tsattsagewa a canza. Sai matatar iska, wadda ƙurar hunturu ke toshewa cikin 'yan kwanaki. In ta toshe mota ta rasa ƙarfi a hawa, ta yi ta baƙin hayaƙi tana shan gas a banza. A ciro ta a hure da iska daga ciki zuwa waje. In aka hura daga waje, ƙurar aka ƙara cusawa. Haƙarƙarin lagireto ma a hure shi, don ƙura da ƙwari sukan toshe shi har inji ya riƙa zafi alhali ruwa a cike yake.

Burki shi ne abin da ya fi ɗaukar masa lokaci. Manyan motocin nan da iska burkinsu yake aiki, iskar kuma tana tara ruwa a cikin tankunanta. Kowace safiya karen mota zai shiga ƙarƙashi ya ja zaren da ke gindin kowane tanki har ruwan ya gama fita. In aka bari, ruwan nan yana lalata bawul-bawul, ranar da ake bukatar burki ya ƙi kamawa da kyau. Bayan haka a ta da mota a jira allurar ma'aunin iska ta hau wajen lamba 8, a kashe inji, a taka burki a riƙe, a kasa kunne. In ana jin huci ko allura na sauka, akwai inda ke yoyo, a bi tiyo-tiyo da ruwan sabulu har a ga inda yake kumfa. Tayoyi kuma a bi su ɗaya bayan ɗaya da ƙarfe ana bugawa. Mai cikakkiyar iska tana amsawa da ƙarfi, wadda ta sauka sai ka ji buf. Tagwayen baya su ne mayaudara: ta ciki takan sace ba a gani, ta waje ta ɗauki nauyin biyu har ta yi zafi ta fashe. A kuma leƙa tsakaninsu, don dutse yakan maƙale ya yi ta cin gefen taya.

Kayan da ba ya tashi sai da su: safaya biyu, jak biyu da guntayen katako masu kauri na ɗora jak a ƙasa mai laushi, fambel, matatar gas guda biyu, tiyon lagireto na sama da na ƙasa, 'yan mahaɗan tiyon iska, boris na gaba da na baya da gwangwanin giris, galan na baƙin mai, jarkoki biyu na ruwa, waya ta ɗauri, tocila, da tukunyar kashe gobara mai aiki, ba wadda ake nuna wa jami'ai kawai ba. Takardun mota da lasisi da rasit ɗin kaya suna cikin leda ɗaya a saman kansa. Canjin kuɗi na shingaye da rasit-rasit na jihohi yana aljihu dabam, babban kuɗin gas kuma ba ya fito da shi a gaban kowa.

Hanyar da ya taso a kanta ita ce ta Kaduna zuwa Birnin Gwari, a bi Tegina da Makera a faɗa Mokwa. Ita ce mafi kusa. Lalacewarta da 'yan bindiga suka sa direbobi suka koma zagaye: Kaduna zuwa Tafa, a karya a Dikko, a bi Lambata da Lapai da Agaie zuwa Bida, sai Kutigi, sai Mokwa. Daga nan Jebba, Bode Saadu, a bi ta gefen Ilori, Ogbomosho, Oyo, Badun, a hau babban titi a wuce Ogere, a shiga Ikko ta Berger da Ojota da Ketu. Wasu sukan bi ta Lokoja da Okene, amma Baba ba ya son hawa da gangaren can da lodi mai tsayi. Tsakanin Lambata da Bida nan ne aka fi shan wuya. Tanka ɗaya in ta kafe ko ta faɗi, layin motoci sai ya yi kilomitoci, a kwana a wuni. Kafin ya karya a Dikko sai ya buga waya ya tambayi waɗanda suka fito daga can, in an ce a toshe take, ya canza hanya tun da sauran dama. Da gadar Tatabu da ke tsakanin Mokwa da Jebba ta karye a daminar 2017, waya ce ta tsare shi tun bai wuce Tafa ba.

Waɗanda yake bugawa wayar nan su ne abin da na fi so in yi shaida a kai, domin a ganina su suka fi safaya da jak amfani, kuma su ne abin da direbobin yanzu suka fi sakaci da shi. Baba yana da mutum a kowane zango. Akwai mai faci a Tafa. Akwai wata dattijuwa Banufiya mai sai da abinci a Mokwa, wadda muke ce wa Mama. Akwai bakanike Bayarabe a Ogbomosho, tsaransa, wanda suka san juna tun dukansu biyu suna yaran wasu. Akwai mai gadin wani gidan mai kusa da Ogere, da dillalinsa a Mile 12. Ba ranar wahala ya nemo su ba. Duk saukowa yana da ƙananan kwanduna da ya saya da kuɗinsa, a ajiye bayan kujera, ya sauke wa wannan ya sauke wa wancan. In mai facin ya yi masa aiki ba ya tsananta ciniki, kuma ko tayarsa lafiya lau yakan tsaya a ƙara iska don dai mutumin ya samu na cefane. Da bakaniken ya aurar da 'yarsa, Baba ya bar lodi ya hau motar haya ya je. Da mahaifiyar Baba ta rasu, mutumin ya zo har ƙauye ya kwana biyu, da 'yar Hausarsa ta gareji. Zumunci a ƙafa yake, kuma shi ya taka.

Ga irin abin da hakan ke haifarwa. Wata tafiya boris ɗin baya ya ci wuta bayan an wuce Bode Saadu, wajen ƙarfe biyun dare. Alamarsa ba ta ɓuya ga wanda ya saba: a duk tsayawa ana taɓa cibiyar kowace ƙafa da bayan hannu, wadda ta fi 'yan'uwanta zafi ita ce mai matsala, in kuma har an ji warin giris yana ƙonewa to an kusa makara. Baba ya gangara gefe inda ƙasa ke da ƙarfi, aka sa waigi gaba da baya, aka jera ganye da alamar tsayawa tun daga nesa, musamman ta bayan kwana. Da aka kwance sai aka tarar boris ɗin ya narke ya manne a jikin ƙarfen, abin da guduma ba ta cirewa sai da wutar walda. Waya ɗaya ya buga. Kafin asuba bakaniken ya iso daga Ogbomosho a motar wani, da tukunyar gas ta walda da yaransa biyu. Hantsi bai yi ba muka tashi. Bai karɓi ko sisi a wurin ba, ya ce a kai kayan mutane tukuna, a yi lissafi a dawowa. Direban da ba shi da kowa a wannan wuri sai gari ya waye ya hau acaɓa neman bakanike, wanda zai ga ɗanyen kaya a kan mota ya san ba ka da zaɓi, ya faɗi kuɗin da ya ga dama. Kafin mu bar wurin Baba ya sa aka kwashe ganyen da duwatsun da aka jera a titi. Yana jin zafin direbobin da ke tafiya su bar su, don mai babur da dare bai san da su ba.

Yana da ƙa'ida a kan lalacewar mota: in gyara zai wuce rabin yini, ba ya caca da kayan mutane. Nan take zai kira masu kaya da dillali a yanke shawara, ko a nemo wata mota a juye, ko a karkatar da kayan kasuwa mafi kusa, Ilori ko Badun, a sayar ko da ba a kai farashin Ikko ba. Juye yana da tasa asarar, don duk ɗagawa da saukewa sai wasu sun fashe, ga kuɗin 'yan dako da na sabuwar mota. Amma rabin kuɗi ya fi a zubar a bakin titi. Na ga direbobin da suka ɓoye wa masu kaya gaskiya suna cewa yanzu za a gama, har kwana biyu, don kada kuɗin motarsu ya ragu. Irin wannan sau ɗaya ake yi wa mutum lodi.

Gurɓataccen gas shi ne abin da ya fi yawan tsai da motoci ba tare da wani abu ya karye ba. Ana sayen na jarka a bakin hanya don araha, a ciki kuwa akwai ruwa ko kananzir ko datti. Mota ta fara shaƙewa a hawa, ta riƙa fizga, daga nan ta mutu. Maganinsa a zubar da ruwan da ya taru a gindin kofin matata, a canza matatar, a cika sabuwar da gas mai kyau kafin a ɗaura, a sassauta ɗan nat ɗin fitar da iska, a yi ta buga famfon hannu har kumfa ta ƙare gas zalla ya fito, sannan a ɗaure. Wanda bai san wannan ba sai ya yi ta murza makulli har batir ya mutu, matsala ɗaya ta zama biyu. Baba gidajen mai uku kawai yake sha a duk tsawon hanyar, ko sun fi tsada.

In inji ya yi zafi kuma, abu biyu ya hana mu har abada: buɗe murfin lagireto nan take, da kwara ruwan sanyi a inji mai zafi. Na farko yana ƙona fuska, akwai masu tabonsa da yawa a tasha. Na biyu yana tsaga kan inji ko ya ƙone gaskit. In ba fambel ne ya tsinke ko tiyo ya fashe ba, a tsaya a bar inji yana aiki a hankali har allura ta sauko, sannan a buɗe da tsumma sannu-sannu, a ƙara ruwa kaɗan-kaɗan. Haka burki a gangare: a sa giya ta ƙasa mai ƙarfi tun daga sama, a bar inji ya riƙe mota, ana taɓa burki ana saki. Wanda ya kwanta a kan burki tun daga sama, kafin ya kai ƙasa ya yi zafi ya daina kamawa. In an sauko yana hayaƙi kuma kada a watsa masa ruwa, ƙarfen zai tsage. In aka canza taya, bayan an yi tafiyar kamar kilomita 50 a tsaya a sake ɗaure nat-nat, don sukan saki.

Barci shi ne abin da ba shi da kayan gyara. Baba goro yake ci da shayi, kuma duk yaron da ya kama da ƙwaya a motarsa, a tashar gaba zai sauke shi da kuɗin motar komawa gida. Yakan ce ƙwaya ido take buɗewa, kai kuwa ya riga ya yi barci. In ya ji idonsa ya yi nauyi, musamman tsakanin ƙarfe uku da asuba, zai tsaya inda motoci suke, ya ce a tashe shi bayan awa ɗaya. Tsohuwar hanyar Ogbomosho zuwa Oyo, mai ƙunci da kwana-kwana da tankoki, ba ya shigarta da gajiya ko kusa. Salla kuma ba ta wuce shi. Yana yin kasaru, ya haɗa azahar da la'asar, magariba da lisha, tsayawar sallar kuma ita ce ta taɓa ƙafafu da buga tayoyi da duba igiyoyin lodi.

A watan Fabrairun 2021, da rikici ya tashi a kasuwar Shasha ta Badun aka yi asarar rayuka da dukiya, muna hanya da cikakken lodi. Bakaniken nan ne ya kira tun muna Jebba, ya ce kada Alhaji ya wuce Ogbomosho. Ya buɗe garejinsa aka shigar da motar, ya kai mu gidansa, matarsa ta yi mana tuwon doya, shi kuma ya zauna a bakin gareji da kansa har gari ya waye. Da safe ya nemo 'yan kasuwar garin suka sayi abin da za su iya, ragowar aka rarraba a ƙananan motocin mutanensa. An yi asara, amma ba a rasa uwar kuɗi duka ba, kuma ba wanda ko ƙwarzane ya samu. Bayan 'yan kwanaki ƙungiyar masu safarar abinci da dabbobi ta tsai da kai kaya Kudu na kusan mako guda, tumatir ya yi ta ruɓewa a Kwanar Gafan ba mai saye. Baba ya bi umarnin ƙungiya ya ajiye mota, amma kullum sai ya kira amininsa ya ji lafiyarsa. A tasha in ya ji yaro yana zagin ƙabila guda gaba ɗaya, yakan ce masa: "Kai yaro, ka taɓa kwana a gidansu? Ni na kwana."

Farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, ya zo daidai tsakiyar kakar tumatir. Takardar kuɗi ta ɓace, tura kuɗi ta waya yana maƙalewa, masu POS suna yankar abin da suka ga dama, hanya kuwa ba ta san wani abu ba sai tsaba. Direbobi da yawa sun yi yunwa da kuɗi a asusu. Mu Mama ta ciyar da mu zuwa da dawowa tana rubutawa a bango da gawayi, mai facin Tafa ya yi aiki bashi, dillalin Mile 12 kuma yakan tara wa Baba 'yan tsabar da ya samu don kuɗin hanya. Da abubuwa suka daidaita ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya biya, da ƙari.

Isa Mile 12 ma sai da lissafi. Ana so mota ta shiga cikin dare, a sauke kafin gari ya waye, don da sassafe mata masu sari suke cika kasuwa, kuma farashin safe ba shi ne na rana ba. Motar da ta makara a cunkoson Berger ta shigo da hantsi, ta tarar an riga an cika kasuwa, kayanta kuma za su wuni a rana. Yawan motocin da suka shigo a daren shi ke yanke farashi, shi ya sa dillali yakan kira ya ce a ɗan jinkirta a Ogere ko a taka. Wajen saukewa Baba yana tsaye da littafinsa, ana kiran alama yana sokewa. Fasasshen da aka ware shi ma yana da masu sayensa a rahusa. Sai an wanke bodi tas, don ruwan tumatir yana cin ƙarfe, sannan ya nemi lodin komawa, ya kwanta.

Da aka fara kawo akwatunan roba masu cin kamar kilo 25, waɗanda ake jerawa a kan juna ba tare da nauyi ya sauka a kan tumatir ba, yawancin tsaransa sun ƙi su. Shi ya ce sun fi kwando, don ya ga yadda asara ta ragu. Damuwarsa ɗaya ce, kuma gaskiya ce: kwando a can ake barinsa, akwati kuwa sai an dawo da shi, ya cinye wurin lodin komawa, ga ɓata da sata. Yakan ce wa masu kaya in za su haɗu su biya kuɗin dawo da akwatunan, shi a shirye yake.

Ido ne ya sauke shi daga mota. Hasken fitilun da ke tahowa ya fara rufe masa hanya da dare, likita ya ce yanar ido ce. An yi masa aiki ya samu sauƙi, amma ya ce ba zai ɗauki ran mutane da dukiyarsu a kan idon da yake shakka ba. Kafin ya miƙa makulli ga babban yaronsa, sai da ya zauna a kujerar gefe suka yi tafiya ɗaya tare, ya tsaya a Tafa da Mokwa da Ogbomosho da Ogere da Mile 12, ya kama hannun yaron ya sa a hannun kowannensu, ya ce ga ɗansa nan. Yanzu in kaka ta kama yana Kwanar Gafan tun safe, masu kaya suna biyansa ya tsaya musu a kan lodi, yana tura hannu cikin kwanduna yana taka katako, direbobi kuma suna zuwa su tambaye shi ko Lambata ta buɗe, don har yau shi ake fara kira daga can.